Garin da Ake Tayi Sau Ɗaya

A gidan su Badi'a a Garo, mutum ba ya karɓar abu a tayin farko, ko da ruwa ne. Baƙo zai taso daga Madadi a ƙafa, leɓensa ya bushe kamar ƙanzo, a kawo masa fura ya ce, "Alhamdu lillahi, yanzu na sha." A sake yi masa tayi ya ce, "Kai, da kun bar ta." Sai a na uku, in an haɗa shi da girman Allah, sannan zai jawo ƙwaryar kamar wanda aka yi wa dole, ya shanye tas har a ji ludayi yana ƙwanƙwasar gindinta. Kakanninsu makiyaya ne. Shanun sun ragu, an koma noman dawa da riɗi, amma fulakon yana nan da ƙahonsa. Ana cewa kunya ado ce. To, ado ce, sai dai har yau ba a ga wanda ya ci ado ya ƙoshi ba.

Badi'a ce 'yar farin Malam Ahmad, malamin firamare. Saboda 'yar fari ce, uban ba ya kiran sunanta, ba ya kuma sa baki a sha'aninta. "Yarinyar nan" kawai yake cewa, shi ma yana kallon gefe. Duk wani hukunci a kanta yana hannun yayansa, Baffa Datti, mai sayen riɗi da zoɓo a kasuwar Gwarzo yana kai wa dillalan Kano.

Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da Shari'a, aljihu kuma ya tsuke. Albashin malamai sai an fid da rai yake zuwa, man fetur sai a galan a bakin titi. Badi'a ta gama jami'a inda ta karanci kimiyyar abinci, ta yi bautar ƙasa, ta dawo ta zauna ƙarƙashin lema a tashar Gwarzo tana sayar da katin waya. Baffa Datti kuwa tun ranar ƙaddamarwa ya ɗage wando ya saki gemu, ko buta zai ce a miƙo masa sai ya fara da "a Shari'ance".

A wani shagon intanet a Kano Badi'a ta ga sanarwar. Wani kamfani ne a Rotterdam ta ƙasar Holan, mai gwada lafiyar riɗi da gyaɗa da zoɓon da jiragen ruwa ke saukewa a garin, yake neman matashi guda ya yi shekara yana sanin makamar aiki. Jama'a suka nema daga ko'ina a duniya. Aka yi ta tankaɗe da rairaya har aka rage mutum uku, Badi'a a ciki. Za a kai su can a gwada su na ɗan lokaci, a riƙe ɗaya, biyu su koma inda suka fito. A takardar nema ta faɗi duk abin da ta iya ba tare da ta sunkuyar da kai ba, don takarda ba ta da ido.

Aka zauna a tsakar gida bayan La'asar. Kakarta, Inna Uwaliya, tana zaune a tabarma tana tsinkar zogale.

"A Shari'ance," in ji Baffa Datti, "mace ba ta tafiya sai da muharrami. Magana ta ƙare." Ya kakkaɓe riga zai tashi.

Inna ba ta ɗago ba. Ita ma ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗanta na fari. "Gaskiyarka, ɗan nan. Kai mene ne ɗinta?"

"Baffanta mana."

"A Shari'ance fa?"

Wata kaza ta zo ta ɗauki zogale ta wuce. "Muharraminta," in ji shi.

"To, Allah Ya kiyaye hanya. Fasfonka na Makka yana cikin adakata, ƙarƙashin turmin atamfa."

Ya gwada wata ƙofar. Wa zai zauna da ita shekara guda a ƙasar Turawa? Inna ta tuna masa da Raliya, 'yar ƙanenta ta Kabo, wadda ke aure a Rotterdam ɗin. Liman ma da aka tambaya ya ce in masaukin na amana ne, hanya ake wa rakiya. Baffa Datti ya sayar da bijimi don kuɗin jirginsa yana tsaki, kamfanin ya aiko masa da takardar gayyata ta ɗan rakiya. Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne lissafinsa na ɗan kasuwa: cikin uku ɗaya za a ɗauka, kuma Bature bai haukace ba da zai tsallake duniya ya ɗauki 'yar Garo. Zai kai ta, ya dawo da ita, ba mai cewa shi ya hana.

A cikin jirgi ya yi mata huɗuba. "Kada ki ba mu kunya. Kada ki nuna zalama. Kada ki yabi kanki, yabon kai jahilci. In an miƙa miki abu, kin dai san gidan da kika fito."

"To, Baffa."

Rotterdam ta tarbe su da iska da yayyafi. Ruwa ta gabas, ruwa ta yamma, gadoji a rataye da igiyoyin ƙarfe, benaye na gilashi waɗanda mutum ke ganin kansa a jikinsu yana rawar sanyi. Mutanen dogaye kamar giginya, kowa yana sauri kamar an ce gidansa ya kama da wuta, ba mai tambayar wani gajiya balle iyali. Jirgin ƙasa yana bin tsakiyar titi da ƙararrawa. Baffa ya yi wa direbansa sallama a ranar farko, ya kuma tambaye shi aiki, direban ya nuna masa inda ake buga tikiti.

Raliya taubashiyarsa ce, saboda haka tun a bakin ƙofa ta fara. "A'a, bawana ne da kansa? Wa ya kwance ka daga turke?"

"Ke dai Allah Ya shirye ki. Shekara nawa a Turai, bakin nan bai ga likita ba?"

Ita da mijinta Jibirin da sassafe suke fita aiki, sai yamma lis ake ɗora tukunya. Baffa kuwa ya ce muharrami ba ya zaman gida. Kullum sai ya bi Badi'a kamfanin, ya zauna a ɗakin da ma'aikata ke shan shayi, da carbinsa, har a tashi.

Ranar farko suna isa ƙofar kamfanin sai ga wata doguwar mata mai furfura ta sauko daga keke, ruwa yana ɗiga daga hularta. Badi'a ta raɗa masa cewa ita ce shugabar ɗakin gwaji, ita za ta yi zaɓen.

"Wannan? A keke?" Ya girgiza kai. "Ashe tsuke bakin aljihun har nan ya iso. 'Yar nan, kamfanin nan saura ƙiris ya durƙushe." Daga ranar sunanta ya zama Madam Keke.

Da hantsi Madam Keke ta shigo ɗakin shayi, ta sauko da wani shuɗin gwangwani daga saman kabad, ta buɗe. Ƙanshin man shanu ya cika ɗakin. Biskit ne, irin wanda ke narkewa tun a ido. Ta bi ma'aikata kowa ya ɗauki ɗaya, ta zo gaban Baffa ta miƙa masa da murmushi. Ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai, ya fito da Turancin da ya tanada. "No, tankiyu."

Ƙwas! Ta rufe gwangwanin, ta mayar saman kabad, ta fita.

Baffa ya zauna da hannu a ƙirji yana jiran ta dawo. Ba ta dawo ba. Da rana ta leƙo ta yi masa nuni da hannu ko zai zo a ci burodi da cuku. Ya sake dafa ƙirji. Ta ɗaga kafaɗa ta wuce.

A hanyar gida ya tambayi Badi'a a hankali. "Na yi wa matar nan wani laifi ne?"

"A'a, Baffa. Nan sau ɗaya ake tayi."

"Ƙarya ne. Babu garin da ake tayi sau ɗaya. Ko a gidan marowaci ana kaiwa biyu."

Washegari ya yi tari bayan ya ce tankiyu. Madam Keke ta kawo masa ruwa. Wanshekare ya ja tankiyun ya yi tsawo yana kallon cikin gwangwanin. Ƙwas. Ga shi lokacin da suka je rana ba ta san faɗuwa ba, Magariba sai ta ga dama take zuwa, tuwon Raliya kuma yana bayanta. Babbar rigarsa ta fara yi masa yawa. Ya ƙara wa tazugensa ƙulli.

"Bawana, azumin nafila kake yi ne ba ka gaya mana ba?" in ji Raliya. "Ka karɓa mana. Biskit ne, ba auren 'yarta ta ba ka ba."

"Ni Datti? In miƙa hannu a tayin farko kamar wanda aka haifa a tasha?"

Badi'a ta sha dariya a ɓoye. Ita tun rana ta biyu ta koyi ɗaukar biskit ɗinta, tana juya wa Baffa baya ta cinye. Har ta fara yi wa kanta kallon wadda ta waye. Garin ma ya fara shiga ranta: yadda jirgi ke zuwa a lokacin da aka ce zai zo, yadda wuta ba ta ƙiftawa balle injin gwaji ya tsaya a tsakiyar aiki, yadda za ta tsaya kan gada ta ga jirgin ruwan da zai haɗiye unguwarsu har da masallaci. Ranar da aka zagaya da su ma'ajiyar kaya a tashar jiragen, Baffa ya ga buhunan zoɓo da sunan Kano a jiki. Ya tsaya ya dafa ɗaya. "Sannunku da hanya," in ji shi. "Ku ma sun bar ku da yunwa?"

Abokan takararta biyu ne, wani saurayi ɗan Indiya da wata 'yar Brazil. 'Yar Brazil hira ta fi so a kan aiki. Ɗan Indiyan kuwa gwani ne, kuma ba ya barin kowa ya manta. Kowace safiya sai ya karanta wa Madam Keke abin da ya yi jiya da abin da zai yi gobe. Badi'a tana jinsa tana jin kunya a madadinsa. Ita dai ta duƙufa kan riɗinta, tana neman dafin da funfuna ke bari a cikin ƙwaya, tana rubuta sakamako, tana wanke kwalabenta. Tana son aikin nan kamar ranta. Duk sanda ta tuna lemar tashar Gwarzo da ƙurar motoci da masu cewa "ba ni na ɗari bashi", sai ta ƙara duƙufa.

Ranar ƙarshe da safe Madam Keke ta kira ta ofis. Babu ina kwana mai tsawo, babu yaya gida.

"Ke muka zaɓa," in ji ta. "Kina so?"

Zuciyar Badi'a ta yi guɗa. Amma biskit ƙaramin abu ne, shi ya sa ta iya karɓarsa. Da babban abu ya zo, boko ya koma gefe ya zauna, harshen gidansu ya miƙe da kansa. Ta ji kanta ya sunkuya, ta ji bakinta yana cewa, "Ai ni ban kai ba. Sauran sun fi ni cancanta. Da kun ba ɗayansu."

Ta tsaya tana kallon takalmanta, tana jiran na biyu.

Madam Keke ta cire tabarau ta dube ta. "Na yi mamaki," in ji ta. "Amma na gode da kika faɗa mini gaskiya. Ba ma tilasta wa kowa. Zan kira saurayin nan kafin a fita cin abinci." Ta miƙe ta buɗe mata ƙofa.

Badi'a ta tsinci kanta a baranda. Ta juya za ta koma, ta fasa. Ta ce me? Cewa ƙarya ta yi? Da wane ido? Ta ja jiki zuwa ɗakin shayi ta zube kusa da Baffa, hawaye yana bin hijabinta.

"Sun kore ki ko? Ai na faɗa."

"Ni suka zaɓa, Baffa. Na ce ban kai ba."

Fuskar Baffa ta washe kamar ranar Salla. "Alhamdu lillahi! 'Yar halak, jinin gidanmu! Su ne suka nema, mu ne muka ƙi. Bari mu je Garo ki ji yadda zan ba da labarin nan." Ya gyara zama, ya matso. "To, da ta roƙe ki a na ukun, me kika ce mata?"

"Babu na uku."

"A na biyun fa?"

"Babu na biyu, Baffa. Ta buɗe mini ƙofa."

Carbin ya tsaya a hannunsa. "Sau ɗaya?"

"Sau ɗaya."

"Ɗiyar gidanmu? Jikar Uwaliya? A ɗauko ta daga wata duniya, in sayar da bijimina, a yi mata tayi ɗaya kamar mai wucewa a hanya?" Ya miƙe tsaye, rigar tana lilo a jikinsa. "In je majalisa in ce me? A ce mini tayin baki aka yi mana? Ni na haƙura da nawa, tun da na zo garin nan nake haƙuri. Wannan kam sai an cika shi. Tashi ki fassara."

Ya yi sallama a ƙofar ofishin da ƙarfi. Ya tambayi Madam Keke kwana da gajiya da aiki da iyali da sanyi da keke. Badi'a ta dunƙule su duka ta ce yana gaishe ta.

"Gaya mata mu ba mayunwata ba ne," in ji Baffa. "Gaya mata a garinmu tayi uku ne. Na farko na baki, na biyu na ladabi, na uku shi ne na zuciya. Wanda ya karɓa a na farko ba shi da tarbiyya, wanda ya tsaya a na farko ba shi da mutunci. Ta ba mu ɗaya, saura biyu. Ta cika mana, mu ƙi, mu koma gida da girmanmu. Faɗa mata duka, kada ki rage."

Badi'a ta faɗa duka, tana ji kamar ƙasa ta tsage. Madam Keke ta saurara har ƙarshe. Ta dubi Badi'a, ta dubi Baffa, idonta ya sauka kan wuyan rigarsa da ya zama rijiya.

"Wato a'arku ba a'a ba ce?"

"Ta farko dai," in ji Badi'a da ƙaramar murya.

"To biskit ɗin fa? Duk kwanakin nan yunwa yake ji?"

"Me ta ce?" in ji Baffa.

"Tana tambaya ko kana jin yunwa."

"Ce mata na ƙoshi."

Madam Keke ta danne dariya a bakinta. Ta koma kujerarta, ta ɗora hannu kan wayar tebur. "Ban san wannan ba, saboda haka zan sake tambaya," in ji ta. "Amma ni ba ni da uku. Akwai mai jira a waje, shi kuma ya san abin da yake so. Kina son aikin nan?"

Da Badi'a ita kaɗai ce, da wataƙila ta iya. Amma ga Baffanta a tsaye a kanta, mutumin da ya yi mata huɗuba a sararin samaniya. Ta nuna zalama a gabansa? Kanta ya sake sunkuyawa. "Ai ni dai..." in ji ta.

Baffa bai ji Turancin ba. Bai buƙaci ji ba. Ya ga leɓen Madam Keke ya haɗe, ya ga kafaɗarta ta ɗan ɗaga, ya ga wuyan hannunta ya karkata kan wayar. Ya san wannan karkatar. Kowane hantsi yake ganinta, da ƙanshin man shanu a hancinsa, kuma ya san ƙarar da ke biyo bayanta. Cikinsa ya riga kansa magana.

"Karɓi!" Ya daka tsawa har tabarau ya faɗi daga tebur. "Karɓi, don ubanki, za ta rufe! Wannan ba ta kaiwa uku! Yes, Madam! Yes!"

"Ina so!" in ji Badi'a, da muryar da ita kanta ba ta san tana da ita ba. "Ina so ƙwarai. Na iya aikin, kuma zan fi haka iyawa."

Madam Keke ta janye hannu daga wayar. "Madalla. Ranar Litinin za ki fara." Ta fita, ta dawo da shuɗin gwangwanin, ta buɗe a gaban Baffa. Hannunsa ya tashi zuwa ƙirji, ya tsaya a hanya, ya yi kwana. Ya ɗebi na ɗiba.

Sai da suka zauna a jirgin komawa gidan Raliya, garin biskit a gemunsa, sannan ya farga. Ya juyo a hankali.

"Inna lillahi. Wa ya ce ki karɓa?"

"Kai, Baffa."

"A Shari'ance..." in ji shi. Ya nemi sauran ya rasa. Ya juya yana kallon gada.

Raliya ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. "Bawana, ashe kana da rana! Yunwa ta yi abin da boko ya kasa."

Shi kaɗai ya koma Garo. Aka taru a tsakar gida ana yi masa barka da hanya. Ya ba da labarin yadda Turawa suka yi ta roƙo, shugabar kamfanin har kamar ta yi kuka, shi kuma da ya ga abin ya zama magiya sai ya ce wa yarinyar ta taimaka musu. Malam Ahmad yana can gefe yana gyara igiyar akuya. Bai juyo ba ya ce, "Yarinyar nan... tana da rigar sanyi dai ko?" Aka ce tana da ita. Ya ci gaba da ƙulla igiyar da tun ɗazu a ƙulle take.

"Sau nawa suka roƙa?" in ji Inna Uwaliya.

"Biyu."

"Na ukun fa?"

"Inna, mutanen can lissafinsu gajere ne."

Ya buɗe jaka ya fito da tsaraba: shuɗin gwangwani, sabo fil, Madam Keke ce ta ba shi a ranar sallama. Ya ɓalle murfin, ƙanshi ya tashi, yara suka matso. Ya durƙusa ya miƙa wa mahaifiyarsa da hannu biyu.

Inna ta kalli biskit ɗin, ta haɗiye yawu, ta kau da kai. "Alhamdu lillahi, ɗan nan, yanzu na ci tuwo."

Ƙwas!

Gwangwanin ya rufe. Baffa Datti ya dubi hannunsa kamar ba nasa ba. Inna ta lalubo ludayin fura a gefenta, ta auna tsakiyar hularsa.

"Buɗe, don ubanka," in ji ta. "Saura biyu."